Ga mai shirin taka dajin Sao Tome: ka yi wa ruwa tanadi

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ƙanena da ya yi tambaya shekaranjiya, bari in sa baki tunda na bi hanyar da ƙafata. Ka ce wata ajans ta yi muku tayin tafiyar ƙasa ta kusan mako guda a tsibirin Sao Tome da ke cikin teku daura da Gabon, kai da abokanka, tare da ɗan jagora: a ratsa kurmi, a hau dutse, a ɓullo ta bakin teku inda mota ba ta zuwa. Ka ce kun taɓa hawa Bagzan a Ayar, kuma wanda ya sha zafin Afrilu a Yamai ba wata tafiya da za ta ba shi tsoro. Kana son sanin ko za ku iya, kuma ko ta cancanci kuɗin.

Za ku iya in Allah ya yarda, kuma ta cancanta. Sai dai jimirin da kuke taƙama da shi, na rana da ƙishirwa, ba shi dajin nan zai nema wurinku ba.

In tsawo ne, kusan kunnen doki ne. Ƙololuwar Bagzan mita 2,022 ce, Pico de Sao Tome kuwa, dutse mafi tsawo a tsibirin, mita 2,024. Amma a Ayar dutse busasshe kake takawa, gumi na fita iska na shanyewa, jaki ko raƙumi na ɗauke da kayanka. Can kuwa laka ce da saiwoyin itace, wani wurin da hannu biyu za ka kama saiwa ka ja jikinka sama, kuma babu dabbar da ke bin wannan hanya, kaya a bayan mutum suke. Ruwan da Yamai ke samu a shekara bai cika wuce milimita 500 zuwa 600 ba. Kudu maso yammacin tsibirin nan yana samun sama da 5,000. Rigar da ka jiƙa da gumi da safe, a jiƙe za ka cire ta da dare, ka shanya, ka tarar da ita a jiƙe da asuba.

Shi ya sa nake cewa ka fara da ƙafarka. Fatar da ta yini cikin ruwa tana laushi, ta yi fari, takalmi ya goge ta, kafin kwana biyu ta tashi, ga cin ruwa tsakanin yatsu. Na ga ƙato mai ƙarfi, wanda ya fi kowa sauri ranar farko, ya koma yana ɗingishi yana dafa sanda saboda ɗan ciwon dunduniya da bai kai girman dala ba. Takalmi mai haƙora a ƙasa za ka nema, ƴan gwanjo na Katako ba su rasa shi, kuma ka saye shi tun yanzu ka yi ta sawa har ya saba da ƙafarka. Safa ka riƙe da yawa, ba ta auduga ba. Da an sauka masauki ka wanke ƙafa, ka tsane ta sarai, ka shafa man kaɗe, ka bar ta ta sha iska. Sannan ka ware riga da wando da safa guda, ka ƙulle su cikin leda biyu, ba ka taɓa su sai lokacin barci. Da safe ka mayar da jiƙaƙƙun na jiya jikinka, ko da ranka ba ya so. Saman dutsen akwai sanyi da dare, sanyi mai laima da ke shiga ƙashi, kuma waɗannan busassun kaya su ne barcinka.

Wani abin da ke yaudarar ɗan Sahel: a gida maƙogwaro ke gaya maka ka sha ruwa. Can iska jiƙe take, bakinka ba ya bushewa, alhali gumi na zuba kamar an kwara maka bokiti. Ka sha kan lokaci ko ba ka jin ƙishi, ka riƙe garin gishiri da sukari na farmasi da ƙwayar tsabtace ruwa. Guzuri kuma, dabino na jurewa. Kilishi in ba a like shi da kyau ba fumfuna zai yi, ƙuli-ƙuli ya yi laushi.

Hawan dutsen yawanci daga Bom Sucesso ake fara shi, lambun itatuwa da ke ƙofar gandun Obo, wanda aka kafa a 2006. Kafin a yi nisa za ku iso Lagoa Amelia, bakin tsohon dutse mai aman wuta da ciyawa ta rufe. Ka taka, ƙasa ta motsa ƙarƙashinka. Jagoranmu ya ɗauko doguwar sanda ya soka, ta yi ta shiga har ta ɓace, ashe ruwa ne a ƙasa. Daga nan sama itatuwa sanye suke da gansakuka har rassa, gajimare na ratsa ku, ka ji tsuntsu kusa amma ba ka ganinsa. Kwana biyu ake yi, a kwana a tanti kusa da ƙololuwa. In gaya maka gaskiya tun yanzu: sau da yawa a kai saman a tarar hazo ya rufe ko'ina, ba a ganin komi. In hoton ƙololuwa kawai kake nema, kana iya dawowa da takaici. Ni dajin kansa ya biya ni.

Amma inda zuciyata take shi ne gaɓar kudu maso yamma. Kwalta ba ta zagaye tsibirin ba. Ta yamma ta tsaya wajen Santa Catarina, ta kudu ta tsaya Porto Alegre, tsakaninsu sai ƙafa ko kwalekwale. Babu rezo, babu kanti. Koguna na gangarowa daga dutse su faɗa teku, ku kuma dole ku ƙetare su, wani iya gwiwa, wani iya ƙugu, jaka a ka. Teku na cikowa yana janyewa sau biyu a yini, to akwai wurin da in kun makara ruwa ya rufe hanya, sai jira. Cikin dajin za ka ci karo da kangon gidajen gona da suke kira rosa, itace ya tsiro ta tsakar ɗaki, saiwa ta naɗe bango, guntun layin dogo na kwance cikin ganye. Turawan Fotugal sun iso tsibirin wajen 1470 ba kowa a kansa. Suka kawo bayi suka noma rake, daga baya kofi da koko, har a farkon ƙarni na 20 ya shiga sahun gaba a duniya wajen koko, da gumin leburorin da aka kwaso daga Angola da Mozambik da Kabo Verde, da yawansu ba su sake ganin gida ba. Sai 1975 ƙasar ta samu ƴancin kai. Mai ɗaukar maka jaka, mai yiwuwa jikan waɗannan mutane ne. Ka riƙe wannan a ranka lokacin da ake ciniki.

A wannan yanki ranka na hannun Allah, sannan na hannun jagora, don haka kada ka biya ko dala sai ajans ta amsa maka waɗannan. Jagoran ɗan wane gari ne, kuma ya saba bin wannan gaɓa ko dai ɗan birni ne mai jin Faransanci kawai? Masu dako nawa ne, nawa ake ba su a yini, a ina suke kwana in ana ruwa? In wani ya karye a tsakiyar hanya, wa zai kira kwalekwale, da me? Ajans ɗin da ta ce maka "ba matsala" ba tare da bayani ba, ka bar ta. Jagoran kirki za ka gane shi da cewa yana iya hana ku ƙetare kogi ko da kun matsa masa, don ya ga launin ruwan ya sauya, ya san an yi ruwa a sama. Akwai kuma baƙar gamsheƙa mai dafi da suke kira kobra preta. Shi ke gaba da adda, ku bi sawunsa, kada wani ya yi gaban kansa. Ku yi asirans da ta haɗa da ɗauko mara lafiya, don babban asibiti na can babban birni.

Mafi yawan mutanen ƙasar Kirista ne, naman alade da bammi ba abin ɓoyewa ba ne. Ku faɗa tun kafin a yi cefane cewa kifi za ku ci, kifi kuwa ga shi nan sabo, da ayaba da miyar ganye da manja da suke kira kalulu. Alƙibla arewa maso gabas take. Ka riƙe ƴar leda mai kauri ta shimfiɗa salla, ka kuma tambayi malaminka hukuncin ƙasaru da haɗa salloli kafin ka tashi. Agogonsu na bayan namu da awa 1, rana na faɗuwa kafin ƙarfe 6, duhun kurmi kuwa ba ya jira.

Lokacin da ya fi shi ne ranin su, gravana, daga Yuni zuwa Satumba, daidai da daminarmu da hutun ƴan makaranta. Kunkurun teku kuwa sun fi fitowa yin ƙwai a gaɓar Praia Jale, can kudancin tsibirin, daga wajen Nuwamba zuwa Maris, sa'ad da laka ta fi yawa. Ni dai a tafiyar farko zan zaɓi busasshiyar hanya.

Daga Yamai babu jirgi kai tsaye, sai ta Lome ko Akra. Ka gama maganar biza kafin ka sayi biye, ka riƙe katin allurar shawara da maganin rigakafin zazzaɓin sauro. Kuɗinsu dobra, 24.5 ne Yuro 1, wato dobra 1 kusan sefa 27. Ka tafi da Yuro a hannu, ƙauye ba a san kati ba. Kuma ko ka iya iyo a kogin Isa, kada ka shiga tekun kudu sai jagora ya nuna maka wurin.

Kafin tafiya, ku ƙetare gada ku je duwatsun Trois Soeurs na bakin Yamai duk ƙarshen mako, jaka cike a baya, da takalmin da za ku tafi da shi, ku hau ku sauka har cinya ta saba, don gangara cikin santsi ta fi hawa cin gwiwa. Ka turo mana tsarin da ajans ta ba ku, da sunan wurin kwana na kowane dare, in duba maka ko tazarar da suka sa mai yiwuwa ce.