Tambayoyinku: Shafi Ya Yi Kyau, Amma Makaho Ya Kasa Cike Fom

Tambaya: Malam, ni mai koyon gina shafukan intanet ne. Na yi wa wata makaranta shafin rajista, kowa ya yaba. Sai wani malami makaho ya ce ya kasa cike fom ɗin. Wai ta yaya ma makaho yake amfani da intanet, kuma ina matsalar take?

Amsa: Ɗan'uwa, makaho da kunne yake karanta shafi. Akwai manhajojin da ke karanto masa abin da ke kan allo da murya. A kwamfuta akwai JAWS, wadda ta fito don Windows tun 1995, da NVDA, wadda wani makaho ɗan Ostareliya, Michael Curran, ya fara rubutawa a 2006, kuma kyauta ake saukar da ita. A waya kuwa, iPhone na da VoiceOver tun 2009, Android na da TalkBack. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, waɗannan manhajoji ba su san kwalliyar da ka yi ba. Rubutun HTML, wato harshen da ake gina shafi da shi, da ke ƙarƙashin kwalliyar suke bi, layi bayan layi.

Bari in kwatanta maka abin da malamin nan ya ji, don kusan kullum labarin ɗaya ne. Ya shigo shafin, muryar ta ce masa "hoto", sai ta karanto sunan fayil, wani abu kamar IMG 4032 jpg. Ya matsa gaba, ta ce "wurin rubutu". Ya sake matsawa, "wurin rubutu". Wanne ne na suna, wanne ne na lambar waya? Oho. Kai kana ganin kalmar "Suna" a gefen akwatin, amma ba ka ɗaure ta da akwatin da alamar label ba, don haka a wajen manhajar babu ruwan wannan da wancan. In ma ya yi sa'a ya cike komai da ka, sai ya zo wajen turawa ya tarar babu maɓalli, domin da div, alamar da ba ta nuna wa manhaja cewa maɓalli ne, ka zana shi ka shafa masa shuɗi. Ido na ganin maɓalli, manhaja na ganin rubutu kawai.

Gyaran ba shi da wuya, kuma yawancinsa komawa ne ga HTML na asali. Abin dannawa ka yi shi da alamar button, mahaɗi ka yi shi da alamar "a", kowane akwati ka ba shi label ɗinsa. Kanun rubutu ka jera su h1, h2, h3 bisa tsari, kada ka zaɓe su don girman harafi, saboda mai NVDA harafin H yake dannawa ya yi tsalle daga kai zuwa kai, yadda kai kake wurga ido ka tsallake abin da ba ka so. Kowane hoto mai ma'ana ka rubuta masa bayani a alt, wato gurbin bayanin hoto a HTML, gajere, wanda ya faɗi aikin hoton: tambarin da ke mayar da mutum shafin farko "shafin farko" za ka rubuta masa. Hoton ado kuwa ka sa masa alt amma ka bar cikinsa fayau, manhajar za ta wuce shi shiru. Sannan in mutum ya yi kuskure a fom, ka gaya masa da rubutu wane akwati ne da kuma abin da ake so. Jan layi kaɗai ba ya gaya masa komai.

Kafin ka taɓa komai ma, ka kunna TalkBack a wayarka, ka kau da ido, ka gwada cike fom ɗin da kanka. Shafa yatsa zuwa dama yana kai ka abu na gaba, taɓawa sau biyu ita ce dannawa. Za ka ji haushi a minti biyar na farko, kuma haushin nan yana da amfani.

Tambaya: Wani kamfani ya ce in saka layi ɗaya na manhajarsu a shafina, zai gyara komai don masu buƙata ta musamman, har da ɗan hoton mutum a kusurwa. In saya?

Amsa: Ni dai ba zan ba ka shawarar saya ba. Wannan shafa fenti ne a kan bangon da ya tsage. Manhajar na iya ƙara girman rubutu ko sauya launi, abin da wayar mutum da burauzarsa sun riga sun iya. Amma ba ta san me fom ɗinka yake nufi ba, kuma bayanin hoto da take ƙirƙira sau da yawa shaci-faɗi ne. Makafi da dama sun koka cewa irin waɗannan manhajoji na karo da tasu manhajar karatun, su ƙara dagula shafin. A farkon 2025 hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta sa kamfanin accessiBe biyan dala miliyan 1 kan iƙirarin cewa manhajarsa na iya sa kowane shafi ya cika ƙa'ida. Kuɗin nan gara ka biya wanda zai gyara maka HTML ɗin.

Tambaya: Ni mai zanen shafuka ce. Wadda nake wa aiki ta nace sai rubutu ruwan toka mai haske a kan fari, wai ya fi burgewa. Akwai wani ma'auni da zan nuna mata, ko ra'ayi ne kawai?

Amsa: Akwai, 'yar'uwa, kuma da lissafi yake. Ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin yanar gizo, tana da kundin ƙa'idojin sauƙaƙa wa naƙasassu amfani da shafuka, wanda ake kira WCAG. Na farko ya fito a 1999, na 2.0 a 2008, na 2.1 a 2018, na 2.2 kuma a watan Oktoban 2023. Matakai uku ne, A da AA da AAA, kuma na tsakiyar ne dokoki suka fi nema. A matakin AA, bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa dole ya kai 4.5 zuwa 1, in rubutu mai girma ne 3 zuwa 1. Ruwan tokan da masu zane ke so, mai lambar launi #999999 a kan fari, bai kai 3 ba. Wanda ya tsallake da ƙyar shi ne #767676. Ki ba ta wannan, har yanzu ruwan toka ne, ta samu abin da take so.

Kada ki ɗauka ƙaramin abu ne. Cibiyar WebAIM ta Jami'ar Jihar Utah tana duba shafukan farko na manyan gidajen yanar gizo miliyan 1 kowace shekara tun 2019. Fiye da kashi 90 cikin 100 ake samu da kurakurai, kuma wanda ke kan gaba kullum shi ne wannan dusashen rubutun, a wajen kashi 80 na shafukan. In har yanzu Hajiya ba ta gamsu ba, ki miƙa mata wayar a tsakiyar rana ki ce ta karanta.

Ki kuma kula da masu makantar launi, waɗanda galibi ja da kore ke rikita su. Kada launi kaɗai ya ɗauki saƙo. Ki haɗa da kalma ko alama.

Tambaya: YouTube na rubuta abin da ake faɗa a bidiyo da kansa. Bai wadatar wa kurame ba?

Amsa: Mafari ne kawai. Yakan ci tuntuɓe a sunaye da lambobi, ba kasafai yake nuna wa ke magana ba, kuma harsuna da yawa bai iya su ba sam. Ka ɗauki abin da ya rubuta ka gyara da hannu. In murya ce zalla, ka ajiye rubutaccen bayaninta a ƙasa.

Tambaya: Gaskiya malam, mutum nawa ne ma za su amfana? Kuma akwai dokar da ta tilasta?

Amsa: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum biliyan 1.3 ne ke da naƙasa mai tasiri, kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya, wato mutum ɗaya cikin shida. Wannan bai haɗa da wanda ya karye a hannu na wata biyu ba, ko wanda tabaransa ya ɓata.

Doka kuwa ta danganta da inda kake da inda masu sayenka suke. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu ta 2006 ta ambaci intanet ƙarara a sashe na 9. A Amurka, da dokar kare haƙƙin naƙasassu ta 1990, wato ADA, ake kai ƙara: kamfanin Target ya biya dala miliyan 6 a 2008 don sasanta ƙarar da ƙungiyar makafi ta ƙasar ta shigar, sannan a 2019 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ɗaukaka ƙarar Domino's, kamfanin sayar da fiza, bayan wani makaho ya kasa yin oda a shafinsu. Tarayyar Turai kuma dokarta ta fara aiki ranar 28 ga Yunin 2025, ta shafi bankuna da kasuwancin intanet, har da na waje in suna sayar wa mutanen can, sai dai an ɗage wa ƙananan kamfanoni masu ma'aikata ƙasa da 10 da ɗan ƙaramin ciniki.

Tambaya: Mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki, hannunsa na rawa. In ya zo danna abu a shafi sai ya taɓa na kusa da shi, ko lokaci ya ƙare kafin ya gama. Me zan yi masa?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Ki shiga saitunan wayarsa, sashen Accessibility. In Android ce, ki ƙara girman abubuwan da ke kan allo, ki tsawaita lokacin taɓawa da riƙewa, sannan ki gwada Voice Access, wadda ke sa wa kowane maɓalli lamba, mutum ya faɗi lambar ta danna masa. In iPhone ce, Touch Accommodations na sa wayar ta yi watsi da taɓawar da aka maimaita bisa kuskure. Ki kuma bar wayar ta riƙe masa kalmomin sirri, don ya huta da buga su.

Sauran laifin na masu gina shafi ne, kuma tunda suna karanta wannan fili, bari in faɗa musu. WCAG 2.2 ta ce abin dannawa kada ya gaza fiksel 24 tsawo da faɗi, ko a ba shi tazara. Apple 44 yake ba da shawara, Google 48. Shafin da ke ƙirga lokaci ya ba mutum damar ƙarawa. Kada a toshe liƙa kalmar sirri, kada a hana buɗa shafi da yatsu biyu. Kuma masu irin lalurar Baba da yawa da kibod kaɗai suke aiki a kwamfuta, suna danna Tab daga abu zuwa abu. Layin da ke zagaye abin da aka tsaya a kai shi ne ke nuna musu inda suke, amma sai mai zane ya goge shi da outline none wai yana ɓata ado. Ku zare linzamin kwamfutarku ku zagaya shafin da Tab da Enter. Duk inda kuka maƙale ko kuka ɓace, nan ne aikinku na gobe.

Ke kuma, in akwai shafin da Baba ya dogara da shi, kamar na banki ko na asibiti, ki rubuta musu takamaimai: wane shafi, wane maɓalli, wace waya, da abin da ya faru. Irin wannan ƙorafin ne ke isa teburin mai gyara, ya fi a ce musu shafin na da wahala.