Ga ƙanena mai shirin zuwa binciken rini a cikin gilashi

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso. Ka ce wani farfesa a nan Turai yana neman ɗalibin digiri na uku a kan rini mai ƙyalli a cikin siraran shimfiɗun sol-gel, wato gilashin da ake haɗawa daga ruwan sinadarai ba tare da narkarwa ba, kana son sanin ko aikin ya kai a bar gida dominsa. Na kuma duba takardar da kake shirin tura masa. Akwai inda ka rubuta cewa za ka ƙara yawan rinin domin haskensa ya ƙaru. Goge wannan layin tun bai gani ba, don a nan gizo yake saƙar.

Gilashin da aka saba da shi narkarwa ake yi a zafin da ya haura digiri 1000 na Salshiyas, babu rinin da zai jure wannan zafin. A sol-gel kuwa TEOS, wani sinadari mai ruwa-ruwa da ake samun silika (ainihin sinadarin gilashi) daga gare shi, ake haɗawa da itanol da ruwa da ɗigon asid, silika ta ƙullu a zafin ɗaki ta rufe ƙwayoyin rinin a cikin ƙananan ramukanta. Tun 1984 David Avnir da David Levy da Renata Reisfeld suka nuna haka da wani rini mai ƙyalli da ake kira rodamin 6G.

Wahalar tana wajen shimfiɗawa. Za ka ɗiga ruwan a kan ɗan fallen gilashi, na'ura ta juya shi da gudu, cikin daƙiƙoƙi ya bushe ya bar shimfiɗa mai kaurin 'yan ɗaruruwan nanomita (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). Itanol ne ke fara tashi, ruwa ya saura, ramuka su tsuke. Ƙwayoyin rodamin kuwa masu faɗi ne, kuma a cikin ruwa sun fi son manne wa juna. Idan suka kifu fuska da fuska kamar katin karta, shi ne tarin H. Da ido za ka ga launin ya yi kyau, amma ka haska masa fitila sai ƙyallin ya dushe. A na'urar awon haske, ƙwaya tilo tana zuƙar haske a wajajen nanomita 530, sai ka ga wani tudu ya taso a zanen awon kusa da 500. Wannan tudun shi ne shaidar cewa sun haɗu bibbiyu. Abin haushin ma, waɗanda ba su manne ba sukan miƙa kuzarinsu ga waɗanda suka manne idan tazarar ba ta kai nanomita 10 ba, tarin kaɗan ya cinye hasken masu yawa.

Ba kowane tari ne asara ba. Idan suka jeru kai da wutsiya, tarin J ke nan, wanda Jelley da Scheibe suka gano a shekarun 1930: hasken da yake zuƙa yana karkata ɓangaren ja, kuma yana ƙyalli. A lissafin Michael Kasha, kusurwar digiri 54.7 a yadda ƙwayoyin suke jeruwa ce iyakar da ta raba nau'ukan biyu. Ka riƙe wannan da kyau, tambayar ba ta cika ɓacewa a ganawa ba.

Don hana tarin, raba ƙwayoyin rinin ake yi da sinadarin kumfa irin CTAB, ko a gauraya silikar da wadda ke ɗauke da metil. A ganina dai, rabin aikin haƙuri ne. Danshin iskar ɗakin gwaji da kwanakin da haɗin ya yi kafin a shimfiɗa shi suna canza sakamako, shi ya sa kullum ake rubuta su a littafi. Samfurin kuma a duhu yake kwana, don haske na koɗar da rinin.

Ko ya kai a zo? Ya kai, domin ana neman ilimin wajen ƙera leza da na'urorin gano sinadarai. Amma kafin ka amsa, tambayi farfesan ko kuɗin tallafin zai kai ƙarshen karatun, kuma ko suna da na'urar auna tsawon lokacin da ƙyalli ke ɗauka kafin ya dushe a ɗakinsu ko sai an bi layi a wani sashen. Gyara takardar ka sake turo min in gani.