Ya tashi daga sanƙarau, amma ba ya amsa kira

TAMBAYA: Likita, ɗana mai shekara 6 ya kamu da sanƙarau a bazarar da ta wuce, ya yi kwana 10 a asibiti aka sallame mu. Tun daga nan idan na kira shi ta baya ba ya waiwayowa, malaminsu na lakwal ya ce ya koma mai taurin kai, sau biyu kuma ya faɗi yana kakkafewa. Kakarsa ta ce iska ce. Shin ciwon ne bai fita ba?
Wata uwa, unguwar Birni, Damagaram

AMSA: Baiwar Allah, sannu da jinya, Allah ya ƙara masa lafiya. Bisa abin da kika bayyana, na fi zaton ƙwayar cutar ta mutu tun da maganin asibiti, abin da kike gani yanzu tabon da ta bari ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin mutum 6 da suka kamu da sanƙarau na bakteriya 1 yakan rasu, cikin 5 kuma 1 yakan tashi da wata lalura mai ɗorewa. Kin san yankinmu yana tsakiyar zirin sanƙarau da ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha. Daga watan Nuwamba na 2022 zuwa ƙarshen Janairu na 2023 kaɗai an ƙirga mutum 559 da suka kamu a jihar Damagaram, 18 suka rasu. Waɗanda suka tsira kuwa, da zarar sun fita ƙofar asibiti, ba kasafai ake sake neman su a duba jinsu ko tunaninsu ba, wannan kuma shi ne abin da ya fi ci mini rai.

Sanƙarau kumburi ne na tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar baya. Kumburin yakan gangara can cikin kunne, zuwa wani ɗan sashe mai siffar dodon koɗi, ya kashe ƙananan gasusuwan da ke ɗaukar sauti, waɗanda idan sun mutu ba sa sake tsirowa. Shi ya sa kurumta ta fi kowace lalura yawa bayan wannan ciwo. Yaron da malami ya kira sau uku bai ɗago kai ba, sai aka taɓa kafaɗarsa ya zabura, ina roƙon kada a kai masa bulala, domin wataƙila bai ji ba ne. Kamata ya yi a gwada jin duk wanda ya yi sanƙarau kafin sallama ko cikin mako 4 bayanta, saboda wani lokaci ƙashi kan fara toshe wannan sashe cikin 'yan makonni. Ko da lokacin ya wuce, ki kai shi babban asibitin Damagaram ki nemi ganin likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Idan da sauran ji, na'urar da ake maƙalawa a kunne tana taimakawa. Idan babu, a fara koya masa maganar hannu tun bai manta kalmomin da ya iya ba. Kafin nan ki riƙa fuskantarsa idan za ki yi magana, a kuma zaunar da shi a layin gaba a aji.

Faɗuwar da yake yi ta fi kama da farfaɗiya, wadda ke tasowa daga tabon da kumburi ya bari a ƙwaƙwalwa. Ki yi wa kakarsa bayani cikin ladabi cewa addu'a ba ta hana magani, farfaɗiya kuma ba a ɗaukarta ta miyau ko taɓawa. Akwai ƙwayoyi masu sauƙin kuɗi irin su fenobarbital, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya kan daina faɗuwa idan sun samu maganin da ya dace suna sha kullum ba fashi. Idan ta tashi, ki kwantar da shi a gefe guda, ki janye shi daga murhu da bakin rijiya, kada a cusa masa cokali a baki ko a ɗura masa ruwa. Idan ta haura minti 5, ko kika ga zazzaɓi da sandarewar wuya, ko ciwon kai da amai da yawan barci, a garzaya asibiti nan take.

Ki tafi da katinsa na sallama, ki kuma rubuta ranakun da ya faɗi da tsawon kowace faɗuwa, domin su likita zai fara tambayarki. Ki haɗa da katunan rigakafin ƙannensa a duba ko akwai allurar da ta wuce su.