Cin Abinci a Jirgin Ruwan Shaƙatawa Ba Turereniya

Hajiya, kin ce ke da Alhaji za ku bar Zariya ku hau jirgin ruwan shaƙatawa a Dubai, kina tsoron layin abinci. To, ranar shiga kada ku nufi ɗakin saman nan da kowa ke zuba wa kansa. Kowa da yunwarsa da jakarsa can yake dosa, sai ki rantse Kasuwar Sabon Gari ce ana gobe Sallah. Ku tambaya ko babban ɗakin cin abinci a buɗe yake, inda za a zaunar da ku a kawo muku, kuɗinsa ma yana cikin tikiti.

Karin kumallo kuwa, mu masu tashi da asuba mun ci riba: ƙarfe 7 wurin fayau, ƙarfe 9 kujera sai mai rabo. Da dare yawanci zama biyu ne, wajen ƙarfe 6 da bayan 8. Ni na biyun na fi so, hayaniyar yara ta ragu, ga Magariba a tsanake.

Batun halal, ki sanar da kamfanin tun wajen sayen tikiti. In kina shakkar naman ki ɗauki kifi, amma ki tambaya ko an sa giya a miyar.