Shin maido da dazuzzuka masu faɗi ya cancanci kuɗin da yake ci?

Ka tambaya ko ribar farfaɗo da manyan dazuzzuka ta kai wahalarsa. Ta kai, amma sai an yi shi da hankali.

Shuka ita ce mai sauƙi. Kuɗin yana tafiya ne wajen raino: ban ruwa, shinge don kada dabbobi su cinye tsiron, tsaron gobara, shekara da shekaru. Dashen da aka ɗauki hoto da shi aka tafi, rani ɗaya ya ishe shi bushewa. Ga batun fili, wanda ya fi damuna. Ƙasar da ake kira kango sau da yawa akwai mai noma ko kiwo a cikinta, kuma idan aka kore shi zai je ya sare wani dajin. A shirin Bonn, wani yunƙurin ƙasashen duniya na maido da dazuzzuka da aka fara a 2011, ana son farfaɗo da hekta miliyan 350 kafin 2030, don haka dole a tambaya filin wa za a ɗauka.

Amfanin kuwa babba ne. Saiwoyi suna riƙe ƙasa daga zaizaya, ruwan sama yana nutsewa ya ciyar da rijiyoyi, itatuwa suna zuƙe iskar da ke ɗumama duniya. Amma jeren bishiyar turare zalla ba daji ba ne, ruwa kawai take sha.

Inda kututture ke da rai, a bar shi ya toho da kansa, ya fi arha nesa. Kosta Rika ma, wata ƙasa a Amurka ta Tsakiya, tun 1997 take biyan masu filaye don su kula da itatuwansu, yanzu daji ya rufe fiye da rabin ƙasar.