A biya sau ɗaya, a ci iya ci: ina ribar take?

Wani mai gidan abinci a Abuja ya rubuto mana cewa ya je Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, aka kai shi gidan gashi inda ake biya sau ɗaya a ci nama iya ci, kowa na gasa nasa a kan teburinsa. Yana son buɗe irinsa, amma ya kasa gane ta ina suke fita.

Alhaji, idonka ya tsaya kan nama, su kuwa nasu yana kan agogo. Galibin irin waɗannan gidaje, a Seoul ko a unguwar Koriyawa ta Los Angeles, minti 90 zuwa awa 2 suke ba mutum. Lokaci na cika, a share tebur, wasu su zauna. Wanda ya bar nama a faranti kuma, gidaje da dama sai sun caje shi tara.

Ka tuna abin da aka fara jera maka kafin nama ya iso: 'yan ƙananan kwanuka na kimchi, wato kabeji mai yaji da aka tsima, da ganyen latas na naɗe nama, da shinkafa da miya. Banchan suke kiran 'yan kwanukan, kuma ko sau nawa ka nema a ƙara za a ƙaro kyauta. Ba karamci ba ne zalla; ciki ake cikewa da mai araha. Wani naman ma yanka ne siriri kamar takarda, ya cika faranti a ido, a sikeli ba nauyi. Yanka mai tsada irin galbi, wato haƙarƙarin saniya, yawanci sai a farashi na sama. Ga shi kai ka yi gashin da hannunka, an rage musu albashin masu gashi.

Sai dai ginshiƙai biyu na wannan sana'a a can ba naka ba ne: naman alade, wanda ya fi na shanu araha a Koriya, da barasarsu soju da ake sha da shi. Kai da sa da rago da kaza za ka yi, zoɓo da lemo kuwa ba za su toshe wannan giɓi ba. Ƙara da bututun zuƙe hayaƙi a saman kowane tebur, wanda ke shan wuta, ga kuɗin dizal. Mutumin da ya saba da balangun mai nama kuma ba latas zai ƙosar da shi ba.

Don haka kada ka fara da "iya cinka". Sa tebur huɗu a gefen gidan da kake da shi, ka sayar da tire mai awo, a ce rabin kilo na mutum biyu, masa da sinasir da kabeji kuwa a ƙara kyauta. Wata uku kana auna ɗanyen naman da kowane tebur ya ci, kana rubutawa. Daga wannan littafin za ka yanke farashin "iya cinka", kuma ka fara gwada shi ranar Talata, lokacin da kujeru ke zaune babu kowa.