Ciwon da kake ɓoyewa ne zai raba ka da aiki, ba ganin likita ba

Wani ɗan'uwa ya rubuto daga Hambog ta ƙasar Jamus. An ba shi takardar zama ta ɗan gudun hijira, wata huɗu ke nan yana aikin dare a wani sito, yana ɗaukar kwalaye. Barci ya ƙaurace masa. Da ya rufe ido sai ya ga gidan da aka tsare su a Libiya da jirgin robar da suka haye teku. Ga ciwon baya. Sau biyu ya yi fashin aiki bai sanar ba. Yana tsoron in ya je asibiti a kore shi ko takardunsa su lalace, gida kuma ana jiran kuɗin wata.

Sannu ɗan'uwa, Allah ya ba ka lafiya. Fashin nan biyu su suka fi tayar mini da hankali. Akwai alamar har yanzu kana cikin lokacin gwaji, Probezeit, wanda kan kai wata 6, kuma a cikinsa ana iya sallamar mutum da notis na mako 2 ba sai an kawo dalili ba. Ba zan ɓoye maka ba, mara lafiya ma ana iya sallamarsa a lokacin. Amma wanda ya ɓace ba labari shi ake fara cirewa. Ranar da jiki ya ƙi, ka buga waya kafin lokacin shiga aiki, ka je wurin Hausarzt, likitan unguwa, ya rubuta maka takardar hutun rashin lafiya. Doka ta wajabta ta idan ciwon ya wuce kwana 3, wasu kamfanonin kuwa tun ranar farko suke so, don haka duba kwantiraginka. Tunda ka haura mako 4 a wurin, cikakken albashinka za a biya har mako 6, daga nan inshorar lafiya ta karɓa da kusan kashi 70 cikin ɗari. Kamfani ba ya ganin sunan ciwon, likita kuma doka ta ɗaure shi da riƙe sirrinka.

Mafarkan nan ba raunin imani ba ne. Haka zuciya kan yi bayan ta ga abin da ya fi ƙarfinta, kuma ana warkewa. Kada ka bar addu'a, amma ka sa sunanka a cibiyar kula da 'yan gudun hijira da ake kira Psychosoziales Zentrum, inda sukan nemo tafinta. Layin yana da tsawo, shi ya sa nake so ka je makon nan. Ofishin Caritas ko Diakonie, ƙungiyoyin agaji na coci, zai nuna maka hanya kyauta. Taramol ɗin da abokai ke miƙo wa mutum a ɗakin canja kaya kuwa, don Allah ka bar shi. Idan likitan ma'aikata ya tabbatar aikin dare na cutar da kai, kana da damar neman a mayar da kai na rana.

Takardar zaman dindindin bayan shekara 5 tana neman Jamusanci matakin A2, wato mataki na biyu na masu fara koyo, da shaidar kana riƙe mafi yawan nauyin kanka. Wanda bai yi barci ba, ina zai zauna aji ya riƙe karatu?

Sai batun gida. Kira yayanka ko mahaifiya, ka faɗi gaskiya cewa ba ka jin daɗi. Ka yanke abin da za ka iya turawa na wata uku ko huɗu, ko rabin na da ne, ka faɗa musu adadin tun yanzu domin su san yadda za su tsara cefane da kuɗin makarantar yara.